Sunan da Aka Rubuta a Bayan Babur

Illela, Lahadi bayan an tashi kasuwa

Zuwa ga jikana kuma abokin faɗana, Zayyanu, a kasuwar albasa ta Ikko.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen rumfarku. Mu nan ƙalau muke, ƙafata ta dama ce kawai take yi mini gardama da safe. Kakarka Tasalla, wadda kake kira amaryarka, ta ce in gaya maka mijin da ba ya aiko da cefane an kusa sallamarsa. Ƙanenka Jabir yana nan yana kabu-kabunsa tsakanin nan da Konni. Cikin matarsa Humaira ya tsufa.

Kar ka ce don me ban kira ka ba. Ka san kunnena da waya, kai kana magana ni ina jin ruwan sama. Kuma ban zauna kan benci a makarantar dare ba, yara na leƙe ta taga suna dariyar furfurata, don in bar biro ya bushe. Attahiru direba zai sauko da lodin albasa, shi zai miƙa maka wannan.

Bayan haka, Zayyanu, na gane ka.

Ranar Talata na tsaya rumfar masu tura waƙa a waya, nan bakin tasha, a sa mini karatu. Sai na ga 'yan kabu-kabu sun yi cincirindo, sun kashe babura, suna sauraron wani abu. Na ce wa mai rumfar, "Wanga mi shika faɗi da sauri haka, awa wanda kare ya biyo?" Ya ce, "Baba, Ɗan Iyaka ke nan. Gambarar zamani ce, hip-hop. Ba wanda ya san ko ɗan wa ne." Ya nuna mini hoto, mutum ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani. Na sa ya rage gudunta a bakinsa, ya faɗa mini baiti baiti, na rubuta:

Shinge nawa daga gida zuwa gona?
Kowane shinge da hannu a aljihuna.
Honarabul ya zo da taliya da sabulu,
ya tafi da shekara huɗu, ko ruwa babu a tulu.

Da aka zo wurin rijiyar burtsatsen da aka buɗe da ruwan tanka, aka ɗauki hoto, tanka ta tafi rijiya ta bushe, sai wurin ya kaure da dariya, don kowa ya san rijiyar, kowa ya san mai ita. Ni ma na yi dariya. Sannan na ji wannan:

Ni jikan wanda ya koyi biro da furfura,
ya ce rubuta gaskiya ko hannu na karkarwa.

Zayyanu, sai da na nemi benci. Ni na faɗa maka wannan maganar, ranar da na kawo takardar shaidata gida kana cin tuwo. Na koma gida na sa wa Tasalla, tun kafin a kai rabi ta ce, "Wannan ai numfashin Zayyanu ne."

Na yi tunani a kan rawanin nan, kuma na gane. Gidanmu gidan fatauci ne, ba gidan kiɗa ba. Ubana da zai ji an ce jininsa ya zama mawaƙi, da ya ƙi cin tuwo. Kunyarmu kake ji, kana tsoron a ce jikan Halliru mai albasa ya koma maroƙi. To saurara. Maroƙi yabon mai riga yake yi don ya samu riga. Kai ba ka roƙi kowa ba. Abin da muke faɗa ƙasa ƙasa a gindin dogon yaro, shi ka faɗa da ƙarfi.

Kuma a al'adarmu wanda aka ambata a waƙa ba ya noƙewa. Tashi yake ya shiga fili ya yi kyauta, kowa ya gan shi. Ba ka kusa balle in liƙa maka kuɗi a goshi, don haka na yi abin da zan iya. Bayan Juma'a na raba goro a majalisa, na ce, "Ɗan Iyaka jikana ne, ba na kunyarsa, kowa ya ji." Na kai babur ɗin Jabir wurin mai fenti, aka rubuta a robar baya da jan fenti: ƊAN IYAKA SHI NE ZAYYANU JIKAN HALLIRU. Ni na rubuta masa a takarda da hannuna ya kwafa. Jabir ya ɗan ja baya, wai a bari a ji daga bakinka. Na ce masa tun yaushe ƙwai ya fara ba kaza shawara a gidan nan.

Har Usama, yaron gidan Honarabul, ya zo ya durƙusa ya yi mini barka. Ya ce maigidansa mutum ne mai son fasaha, ya ji waƙar ya yi dariya. Ya tambayi inda kake da lambar wayarka, na ba shi. Ka ga ko wanda aka yi domin sa bai riƙe ka ba.

Ka cire rawanin nan, ɗana. Ka zo Sallah a gan ka. Ban taɓa jin daɗi irin na makon nan ba.

Kakanka mai alfahari da kai,
Halliru

*

Agege, Ikko

Zuwa ga Tsoho.

Ina gaishe ka, ina gaida amaryata da Jabir da iyalinsa. Lafiyata lau, sai ciwon baya na dakon buhu. Attahiru yana lodin komawa yau, kuma ya ce sai zuwansa na gaba zai taho da saƙon gida, don haka ban san halin da kuke ciki ba. Ina sauri ne.

Akwai wata waƙa da ta fita, ta wani Ɗan Iyaka. An ce mini ta iso Illela. In ta shiga kunnenka za ka gane mai ita, don na yi wautar sa wani baiti da bai kamata in sa ba. Na sa shi ne don kai, ban yi zaton za ta wuce wayoyin abokaina ba.

Mu biyu muka yi ta, ni da wani abokina, a ɗaki ɗaya da muka manne bangonsa da kwalin ƙwai don ƙarar janareta. Ba mu da ubangida, ba mu da kamfani. Abin da ya sa muka iya faɗin abin da muka faɗa ke nan, kuma shi ya sa in an zo kama mu ba wanda zai tsaya mana.

Tsoho, don girman Allah, kar ka gaya wa kowa. Ko a majalisa aka sa ta, ka ce wannan hayaniyar yaran zamani ce, ka tashi. Rawanin nan ba don ni ba ne. Ni ina nesa, cikin mutanen da ba a iya ƙirgawa. Ku ne a kusa. Ƙofar gidanmu kowa ya san ta.

In abin ya lafa zan zo Sallah, in rera maka ita a zaure, mu biyu, a hankali yadda za ka ji.

Jikanka,
Zayyanu

*

Illela

Zuwa ga Zayyanu.

Gaisuwa. Muna raye. Tasalla ba ta cin abinci sosai.

Takardarka ta zo jiya. Motar Attahiru ta lalace a Mokwa a hanyar dawowa, ya zauna jiran kayan gyara, takardar tana aljihun motar. Ranar da kake rubuta kar in gaya wa kowa, ni ban ma ji waƙar ba. Ranar da ta iso hannuna, tawa ta riga ta tafi da wani direban, fenti kuwa ya daɗe da bushewa. Na karanta ta sau uku a tsaye.

An kama Jabir.

Da hantsi ne, a bakin tasha, yana jiran fasinja. Mota ta zo ba lamba, mutum uku suka fito. Suka ce an same shi da jarkar mai zai haye da ita Konni. Wane ɗan kabu-kabu ne a garin nan ba shi da jarka? Sun fi goma a layin, shi kaɗai aka ɗauka, da shi da babur. Wanda ya ga abin ya ce ɗayansu ya zagaya bayan babur ɗin, ya karanta rubutun da ƙarfi, ya ce, "Shi ne." Yanzu yana tsare a wani ofishi a Sakkwato. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ce ga ranar da za a kai shi ba.

Na je gidan Honarabul. Na wuni a bencin ƙofa tare da masu neman taimakon asibiti. Bai fito ba. Da la'asar Usama ya zo, wannan karon bai durƙusa ba.

Na ce, "Usama, kai ka ce mini ya yi dariya."

Ya ce, "Ya yi, Baba. Ai har yanzu dariya yake."

Na ce, "Yaron nan bai san komai ba. Ni na sa aka yi rubutun. A kama ni."

Ya ce, "Mi za mu yi da kai, Baba? Abin ba wuya. Wanda ya yi waccan ya yi wata. Zaɓe ya matso. Ya buɗe fuska, ya faɗi sunansa da na gidansu, ya ce ruɗinsa aka yi, ya yabi maigida. Ranar da waƙar ta fita, Jabir a gida zai kwana. Ai muna da lambarsa, kai ka ba mu."

Waɗanda suka ci gorona a majalisa yanzu in na zo sai kowa ya tuna zai je alwala. Mai rumfar waƙa ya goge taka daga na'urarsa, ya ce in daina tsayawa wurinsa. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya. An ce a Konni har yanzu ana sa ta a shagunan shayi, amma Konni ba ta da ikon buɗe ƙofar da aka rufe Jabir.

Na ɗauka kunya kake ji. Wallahi abin da na ɗauka ke nan. A zamaninmu abin da ke sa mawaƙi ya ɓoye wa danginsa ke nan, ban san wani dalili ba.

Humaira tana ɗakin Tasalla. Ta ci gaba da kawo mini ruwan alwala.

Kakanka,
Halliru

*

Agege

Tsoho,

Na samu takardunka biyu a rana ɗaya, don direban da ka ba ta farko ya riƙe ta bai kawo da wuri ba. Na fara da ta murna. Da ma da ɗayar na fara.

Na yi fushi da kai kwana biyu. Na rubuta maka abin da ba a rubuta wa kaka, na yaga. Daga baya na tuna wanda ya sa baitin furfura a waƙar. Kai ka buɗe ƙofa, amma ni na nuna gidan.

Usama ya kira ni. Muryarsa da daɗi kamar mai tallan magani. Ya ce za su biya ɗakin ɗaukar waƙa mai kyau, ba na kwalin ƙwai ba.

Abokina ya ce kar in yarda, mu yi wata wadda ta fi ta farko zafi, mu sa sunan Jabir a ciki, duniya ta ji. Mun gwada rabin haka. Mun sa hotonsa a waya, mutane suka yi ta turawa suna cewa a sake shi. Kwana biyu aka yi. Rana ta uku wani ɗan fim ya saki matarsa, kowa ya koma can. Wani lauya ya ce zai duba, ya daina ɗaukar wayata.

Ka san abin da ke hana ni barci? Waƙar nan ta shiga kunnen dubban mutane. Suna rera ta, suna dariya a wurin rijiya, sannan su kai hannu aljihu a shinge na gaba kamar kullum. Attahiru ya ce shi ma yana sa ta a mota, in ya hango shinge ya rage murya. Ba ta cire ko gungume ɗaya daga hanya ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauke Jabir daga kan babur.

Amma ita kaɗai ce abin da na taɓa yi da ba dako ba. In na yi musu tasu, ba wanda zai sake yarda da bakina, ko ni kaina. Duk yaron da ya haddace ta farko zai san ƙarshen masu faɗin irinta.

Kai ka ce in rubuta gaskiya. Yanzu ka gaya mini abin da zan yi. Abin da ka ce shi zan yi.

Zayyanu

*

Illela

Zuwa ga Zayyanu.

Humaira ta sauka lafiya, mace. An yi suna ba uban. Ni na raɗa mata, Mahbuba. Mutane kaɗan suka zo, aka yi addu'a aka watse tun rana ba ta yi zafi ba.

Na je Sakkwato, an bar ni na gan shi ta taga. Ya rame, yana tari, kuma akwai abin da ya samu hannunsa na hagu, yana riƙe da shi a ƙirji. Na gaya masa sunan 'yarsa. Ya maimaita shi. Sannan ya ce, "Baba, ka ce wa Yaya kar ya yi. Waƙar nan gaskiya ce." Yana faɗa yana kallon mai gadi. Da zan tafi ya ce, "Tana kama da wa?" Na juya na fito.

Da wannan hannun yake riƙe kan babur, Zayyanu.

Na zauna da biro tun bayan azahar. Saƙonsa na isar maka, don amana ce. Ga nawa.

Ka yi musu waƙar.

Na san abin da na koya maka. Na faɗe shi ne ranar da nake murna da takardar shaida, cikina cike da tuwo, ba wanda aka tsare. Ban janye shi ba, gaskiya ne. Amma ba ni da ƙarfinsa. Ka ɗora wannan a kaina, kar ka ɗora a naka. In an tambaye ka gobe, ka ce kakanka ne ya sa ka.

Halliru

*

Agege

Tsoho,

An gama. Za ta fita ranar Juma'a. Sun kawo mini farar shadda da hula, sun ce in yi murmushi a hoto. Sau da yawa aka sake ɗauka, wai murmushin bai kai ido ba.

Abokina ya kwashe na'urarsa ya koma Mushin. Bai yi mini sallama ba.

Ka shafa mini kan Mahbuba. Kar ku jira ni Sallah.

Zayyanu

*

Illela, bayan Sallah da mako biyu

Zuwa ga jikana Zayyanu.

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Attahiru ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce yana ganinka a rumfa kana dako, in ya yi maka maganar takarda sai ka ce ba biro.

Jabir yana gida. Sun cika alkawari, daren Juma'ar aka sauke shi a tasha. Tarin ya yi sauƙi. Hannun bai miƙe ba tukuna, mai ɗori ya ce a ba shi lokaci. An maido da babur, an yanke robar baya. Yana zaune a zaure da 'yarsa a cinya yawancin rana. In motar kamfen ta biyo layinmu yakan tashi ya shiga ciki.

Motar tana biyowa kullum. An ɗaura mata lasifika huɗu, da hotonka babba kusa da na Honarabul, an rubuta sunanka cikakke a ƙasa, da harufan da suka fi na mai fentina kyau. Muryarka tana fita tar, ko ni ina ji. A hankali kake yin wannan, ba ka sauri. Na tsaya na saurare ta daga farko har ƙarshe, ina jiran baitin furfura. Babu shi. Na gode da ka cire ni.

'Yan majalisa sun dawo. Jiya wani ya ce, "Malam Halliru, jikanka ya yi hankali, ya kama dahir." Wani ya ce in sa baki a samo wa ɗansa aiki. Mai rumfar waƙa ya kira ni da kansa, ya ce sabuwar kyauta ake tura ta, an biya.

Usama ya kawo mini riga. Babbar riga ce, shuɗiya, mai aiki a wuya, ya ce maigida ya ce a kai gidan mawaƙinsa. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, don Jabir yana zaune a wurin. Tasalla ta sa ta a ƙasan akwati. An ce ranar taron kamfen a sa ta a zo a zauna a gaba. Zan sa.

Rijiyar tana nan a bushe, awaki na kwana a gindinta. A hanyar gona an ƙara shinge ɗaya.

Ta farkon tana cikin wayata. Jabir ya ce in goge, na ce ban iya ba, kuma bai nuna mini yadda ake yi ba. Wani lokaci in na je gona nakan sa ta a kunnen da ke ji. Yanzu na iya bin ta duk da saurin.

Zayyanu, ƙafar nan ta fara hana ni zuwa masallacin Juma'a. Tasalla tana ajiye maka kilishi tun Sallah, tana hana kowa taɓawa, ya fara bushewa fiye da kima. Ban ce ka zo ka rera mini komai ba. Ka zo ka zauna a zaure, ka yi shiru in ka so, ni ma in yi.

Na tambayi Usama ko akwai abin tsoro in ka zo. Ya yi dariya ya ce kai da kake nasu. Don haka ka biyo Attahiru, ka sauka a tasha da rana tsaka, fuskarka a buɗe, yadda na roƙe ka a takardata ta farko. Ba mai taɓa ka yanzu.

Ni ne kakanka, wanda ya koyi biro da furfura,
Halliru